Yadda Ake Shirya Makon Hausa a Jami'a Har Mutanen Gari Su Shigo

Kusan duk jami'ar da ke Arewa tana da Ƙungiyar Hausa, kuma kowace shekara ƙungiyar kan ware mako guda don wasanni da waƙe-waƙe da baje kolin kayan gargajiya. A ƙasan fosta sai ka ga an rubuta ana gayyatar kowa da kowa. In ka leƙa zauren kuwa, ɗalibai ne da malamansu, sai manyan baƙi a babban tebur. Telan da ya ɗinka wa 'yan wasa kaya ba ya nan. Tsohuwar da aka aro akushinta aka ɗora a teburin baje koli ba ta nan. Mai shayin bakin ƙofa yana jiyo kalangu daga inda yake, bai san ko an yarda ya shiga ba. Ba wanda ya hana su, amma katangar jami'a tana da kwarjini, kuma rubutun fosta kaɗai ba ya sa mutum ya ƙetare ta. Wannan jagora ta shugabannin ƙungiya ce, da malamin da aka ɗora wa kula da su, in suna so taron ya zama na gari da gaske. Na jera matakan yadda aikin yake zuwa.

Ku fara rubuta su wa kuke jira

A zaman farko, tun kafin a kawo maganar kuɗi ko mawaƙi, ku ɗauki takarda ku rubuta unguwanni da rukunin mutanen da kuke so ku gani. In kuna Jami'ar Ahmadu Bello ne, ku rubuta Samaru, Hayin Dogo, Bomo, Palladan, Basawa. In Bayero ce, ga Rijiyar Zaki, Rimin Gata, Kabuga, Ɗorayi. A ƙarƙashin kowace unguwa ku sa makarantun sakandare da islamiyyun da ke cikinta, da mai unguwa, da shugabannin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin mata, da marubuta in akwai su. Wannan takardar ce za ta gaya muku ranar da ta dace, da wurin, da harshen da za a yi magana da shi.

A zaman nan kuma ku yanke waɗanne ranaku ne na gari. Mako guda ya yi wa ɗan kasuwa yawa. Ku bar lacca da kacici-kacici da muhawara a ranakun ɗalibai, ku tara ƙarfinku a kan yini ɗaya ko biyu da za a buɗe wa kowa.

Tsayar da rana

Kalanda uku za ku shimfiɗa a gabanku. Ta farko ita ce ta jami'a. Ku guji makonnin rajista, ku guji mako uku na kafin jarrabawa, lokacin da ko 'yan kwamitinku ba za ku gansu ba. Tsakiyar zangon karatu ya fi. Ku kuma tuna kalandar jami'a tana iya rushewa: a 2022 yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in gwamnati daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Saboda haka duk yarjejeniyar da za ku yi da makaɗi ko mai hayar rumfa, ku faɗa masa tun farko cewa in rana ta gusa, kuɗin kafin alƙalami yana nan a kan sabuwar ranar.

Ta biyu ita ce ta Musulunci. Azumi yana matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka ranar da ta yi wa na bara kyau tana iya faɗawa cikin Ramadan a bana. Ba a taron kiɗa da rana a cikin azumi. Abin da ya dace da watan shi ne tashe, wanda ake farawa daga goma ga wata, kuma in tashe kuke so ku nuna a lokacinsa, to da dare ne bayan an sha ruwa an yi salla. Makon Salla kuwa jami'a wayam take.

Ta uku ita ce ta sama da ƙasa. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, manoma suna gona, hadari kuma yakan taso daidai lokacin da taro ya yi daɗi. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi ran 26 ga Agusta tun 2015, tana faɗawa tsakiyar marka, don haka in kun so haɗa makonku da ita sai ku nemi wuri mai rufi. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya barin kowa ya zauna a fili kafin la'asar. A ganina babu kamar daga kaka zuwa hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu: amfanin gona ya shigo gida, mutane suna da ɗan abin hannu, kuma dama can lokacin dambe da kokawa ke nan a ƙasar Hausa.

A cikin mako, Asabar ta fi sauƙi. Ku tambayi ranar kasuwar ƙauyukan da ke kewaye, kada ku yi karo da ita. A cikin yini kuma, safiya daga ƙarfe goma zuwa azahar ta 'yan makaranta ce, bayan la'asar zuwa magariba na magidanta da mata. Wannan tsakanin bai cika kai awa uku ba, ku riƙe wannan don zai dawo a maganar jawabai. Taron dare yana da armashi, amma matan aure da yara ba za su zo ba, kuma abin hawa yana wuya.

Takardar izini

Takarda tana tashi daga ƙungiya, uban ƙungiya, wato malamin da ke kula da ita, ya sa hannu, ta bi ta shugaban sashe zuwa Ofishin Harkokin Ɗalibai. Ku aika kwafi ga sashen tsaro, da asibitin jami'a, da ofishin da ke ba da zaure. Ku shigar da ita aƙalla mako shida kafin rana.

Abin da ya fi muhimmanci a cikinta jimla ɗaya ce: cewa za a shigo da mutane daga wajen jami'a, kimanin kaza, ta ƙofa kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Ɗalibai da yawa sukan ɓoye wannan don tsoron kada a hana su, su rubuta "taron ƙungiya" kawai. Izini ya fito, ranar taro kuma mai gadi ya tsaya a kan abin da ke rubuce, kuma shi ke da gaskiya. Haka in akwai kiɗa, ko dambe, ko dawaki, ko nuna fim, duk ku ambata. A Kano akwai hukumar tace fina-finai ta jiha, don haka fim ɗin da za ku haska wa jama'a ku tabbata ya bi ta hannunta.

Takarda ba ta da ƙafa. Ku ware mutum guda mai haƙuri da iya gaisuwa ya riƙa bin ta ofis-ofis. Sakatare da masinja su suka san teburin da ta kwana, kuma "Ranka ya daɗe, ko takardarmu ta fito?" ya fi aika saƙon waya sau goma. In ta fito, ku yi kwafi da yawa mai hatimi, ɗaya ya kasance a aljihun wanda zai tsaya a ƙofa.

Fili

Babban zauren taro mai kujeru a kafe da dandamali can sama an yi shi ne don lacca. Wasannin Hausa kuwa a da'ira ake yin su: makaɗi a tsakiya, jama'a sun kewaye shi, mai son rawa ya faɗo fili ya taka ya koma. In kun cusa kalangu a dandamali mai tsawo, kun raba shi da masu amsa masa.

Wanda yake son ganin yadda aka warware wannan ya je Samaru ya ga gidan wasan da ake kira Drama Village. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi, lokacin da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara shi. Ɗakunan laka ne zagayayyu masu jinka, katanga ta haɗa su, fili a tsakiya, kamar tsakar gidan Bahaushe. 'Yan kallo suna kusa da 'yan wasa har suna jin numfashinsu. Daga sashen wasan kwaikwayon nan ne kuma ɗalibai suka riƙa fita ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, irin su Bomo, suna tsara wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Ba kowace jami'a ke da irin wannan gini ba, amma kowace tana da fili mai itatuwa. Ku yi da'ira da rumfuna, tabarmi a gaba don yara, kujerun roba a baya, gefe guda na mata da hanyar shigarsu, sahun gaba na kujeru kuma na tsofaffi ne, ko da ba su da muƙami.

Akwai wata dabara da ba a cika tunawa da ita ba. Wasu jami'o'in suna da gidaje a cikin gari. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Gidan Arewa a Kaduna, inda Sardauna ya zauna, na Jami'ar Ahmadu Bello ne. Mutanen gari sun saba shiga irin waɗannan wurare ba tare da ɗar-ɗar ba. In harabarku tana da nisa da gari, ku nemi a ba ku irin wannan wuri don yini ɗaya daga cikin makon.

Ko ina kuka zaɓa, ku je da ƙafarku a daidai lokacin da za a yi taron, ku ga inda rana take faɗawa. Ku duba banɗaki, na maza da na mata, ku ga ko yana buɗe ranar Asabar da wanda ke riƙe da mabuɗi. Ku duba wurin alwala da nisan masallaci. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba shi za a saurara. Sauti kuma a gwada shi tun jajibiri da kayan kiɗa na gaske. Kalangu da ganga suna kai kansu, amma gurmi da garaya da kuntigi sai an kusanto musu da makirufo, mawaƙi yana buƙatar nasa, 'yan amshi kuma nasu daban. Mai kayan sautin da ya saba da bikin aure yakan ƙure ƙara har kalmomin waƙa su narke. Ku sa mutum ya tsaya can ƙarshen fili, in bai ji baitin ba a rage.

Kuɗi

Kuɗin ƙungiya ba ya isa, kowa ya sani. Ana neman gudummawa daga tsofaffin 'yan ƙungiya, da malamai, da 'yan kasuwar unguwa, da masarauta. Na ɗan siyasa ma yana shigowa, amma ku san farashinsa: zai zo da magoya baya da maroƙansa, kuma mawaƙin da kuka gayyato don waƙar noma zai ƙare da wasa shi. In za ku karɓa, ku faɗa masa tsarin taro tun a falonsa.

Kada ku sa kuɗin shiga a ranar gari. In ana neman abin da zai rage asara, a karɓi ɗan wani abu daga masu sayar da abinci da kaya a rumfuna. Wajen kashewa, sauti da sufuri da ruwan sha da sallamar masu wasa su ne gaba. Allunan lambar yabo da ake rabawa manya, da jakunkuna masu tambari, su ne na ƙarshe, kuma in an bar su ba abin da zai ragu. Kuɗi ya zauna a asusun da mutum biyu ke sa wa hannu, kowane sisi da rasit.

Masu wasa

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma ake yawan ɓata shi. Zuwa da kai ya fi aike. Makaɗin gargajiya ba a gayyatarsa da saƙon waya. Ku je gidansa ku biyu ko uku, da goro, ku gaisa, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da kuke so. Sannan a yi magana a fili: mutum nawa ne a ƙungiyarsa, wa zai biya mota, ina za su sauka, wa zai ciyar da su, minti nawa zai yi, nawa ne sallama. Wanda kuka lissafa mutum biyar yana iya sauka da goma sha biyu, don makaɗa da 'yan amshi da sanƙira da yaran kaya duk tafiyarsu ɗaya.

Ku kuma ba shi matsayin da ya dace. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, ta shaida cewa abin da ke bakin mawaƙi ilimi ne. Duk da haka har yau za ka ga an zaunar da makaɗa a bayan rumfa cikin rana, ana kiransu in an gaji da jawabi. Ku ba su rumfarsu da ruwa. Ku ware minti goma kafin ko bayan wasa, wani ɗalibi ya zauna kusa da shi ya tambaye shi a gaban jama'a: "Baba, wannan kiɗan na su wane ne? A wurin wa kuka koya? Da wace fata ake rufe wannan?" Sau da yawa wannan hirar ta fi laccar da aka yi da safe amfani, kuma ita ce abin da mutum ba zai samu a gidan biki ba.

Kayan fada suna da ƙa'ida. Tambari da kakaki na sarauta ne, ba a kaɗa su ko busa su don kowa. In kuna son su, ko kuna son dawaki da 'yan lifida, takarda za ku kai fada ta hannun hakimi ko sakataren masarauta, kuma fada ce za ta faɗi wanda zai zo da yadda za a tarbe shi. In sarki ya turo wakili, wakilin nan sarki ne a wurin zama da gaisuwa. Ku nemi wanda ya san fada ya tsaya muku a kan wannan, kada ɗalibi ya yi ta kansa.

Dambe yana tara jama'a fiye da komai, kuma ya fi komai buƙatar shiri. Ku bi ta shugabannin gidan damben garinku, su za su haɗa waɗanda suka dace da juna daga ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, su zo da alƙalinsu da makaɗinsu. A zuba yashi, a kewaye fili da igiya, a tsaya a turmi uku, motar asibiti da ma'aikacin jinya suna wurin kafin a ɗaure hannu. Kada ku bar ɗalibi ya shiga don burge abokai. Kokawa ta fi sauƙin sha'ani in hukuma ta yi ɗari-ɗari da dambe. Wasan 'yan tauri da na masu kura da macizai kuwa, shawarata ku bar su: wuƙa da dabba a cikin taron da ke da yara ba abin da takardarku za ta iya ɗauka ba ne.

Kada mata su zama 'yan kallo kawai. Kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Hajiya Barmani Choge ta yi suna da shi, da shantu, da waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa, duk a hannunsu suke. A unguwannin da kuka rubuta akwai tsofaffin da suka iya su. 'Yan matan kwamiti su je su same su, a nemi yardar mazajensu ko 'ya'yansu inda ya kamata. In sun fi son zama na mata zalla, a ba su zaure da lokacinsu.

Ɗalibai kuma su kawo nasu: wasan kwaikwayo gajere wanda bai wuce minti talatin ba, da gasar rubutacciyar waƙa, da tatsuniya. Ku buɗe gasar waƙar ga mutanen gari. Za ku yi mamakin wanda zai fito da takarda a aljihu, wani ma da ajami ya rubuta. Ku gayyaci ƙungiyoyin ɗalibai Fulani da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo da Tibi su kawo wasa ɗaya-ɗaya, don su ma za su jawo nasu mutanen.

Baje koli

Teburin da aka jera ƙwarya da ludayi da faifai aka liƙa musu suna ba ya tsayar da Bahaushe, yana da su a gida. Abin da ke tsayar da mutum shi ne hannu yana aiki. Ku kawo maƙeri da zugazuginsa, da baduku, da masaƙi, da mai ɗinkin hula, da mai aikin aska takwas a wuyan riga, da marini ko da da ƙaramin baho ne, da mai ginin tukwane. Kowa ya yi aikinsa a rumfarsa, ya sayar da abin da ya kawo, yara su taɓa su tambaya.

In jami'arku tana da sashen zane-zane, ku jawo su. A Zariya wannan sashe yana da tarihi: a 1958, tun wurin yana kwaleji, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan cewa mai zane ya ɗebo daga al'adarsa. Ɗaliban yanzu suna da zane da sassaƙa da yadi da suke ajiyewa a situdiyo ba mai gani sai malamin da zai ba da maki. Ku ba su bango, kowa ya tsaya kusa da aikinsa ya yi bayani da Hausa.

Duk abin da kuka aro, takobi ne ko alkyabba ko tsohon littafin ajami, a rubuta shi a littafi da sunan mai shi, a ɗauki hotonsa, mutum ɗaya ya sa hannu. Takardun ajami kada a bar su a rana ko a hannun jama'a, a sa su ƙarƙashin gilashi.

Shela

Fosta ta ɗalibai ce. Mutanen gari rediyo suke ji, don haka ku nemi fili a gidan rediyon jami'a in akwai, da shirye-shiryen Hausa na tashoshin gari, ku je da ɗaya daga cikin makaɗan ya ɗan taɓa. Ku yi saƙon murya na minti ɗaya a tura ta WhatsApp, don ba kowa ke karanta boko ba. Ku kai wa masu unguwanni da shugabannin makarantu takarda hannu da hannu mako biyu kafin rana, ku koma ku tuna musu saura kwana uku.

Kowace sanarwa ta amsa tambayoyin da mutum yake jin nauyin yi: ta wace ƙofa zan shiga, za a tambaye ni kati, ana biya, akwai wurin mata, zan iya zuwa da yara, ƙarfe nawa za a tashi.

Ƙofa

Duk wahalar da kuka sha tana iya ƙarewa a nan. Na taɓa ganin motar makaɗa a ƙofar wata jami'a, an sauke ganguna a ƙasa ana bincike, tsohon da aka buga sunansa a fosta yana tsaye cikin rana yana neman lambar wanda ya gayyace shi, a ciki kuwa sanƙira yana ta ba jama'a haƙuri wai baƙi suna hanya. Masu gadin ba su yi laifi ba, ba wanda ya gaya musu.

Saura mako guda, shugaban ƙungiya da uban ƙungiya su zauna da shugaban tsaro. A ba shi kwafin izini, da jerin motocin masu wasa, da sunan ƙofar da baƙi za su bi. A yarda a kan yadda za a yi bincike, mata su binciki mata. A tambaya ko za a bar a-daidaita-sahu da babura su shiga, don jami'o'i da yawa ba sa bari. In ba za a bari ba, ku yi hayar bas ɗaya ko biyu su riƙa jigila daga ƙofa zuwa fili, musamman a harabar da ke da faɗi, inda tafiyar ƙafa za ta gajiyar da tsoho.

Ranar taro ku ajiye ɗalibai huɗu a ƙofa, maza da mata, da alama a jikinsu, tun awa guda kafin lokaci. Aikinsu su riga mai gadi magana: "Sannu da zuwa Baba, taron Hausa kuka zo? Bismillah, ga mota can." "Hajiya, ku biyo nan, ga 'yar'uwarku za ta raka ku." In an dafa abinci, na masu gadi ya fara fita.

Ranar taro

Ku fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba. A buɗe da addu'a, a saki kiɗa. In ya zo a tarbe shi, a ci gaba. Jawabai su ne ke cinye taron jami'a: shugaban taro, uban taro, uwar taro, babban baƙo, baƙo mai jawabi, wakilin wane, kowa ya gaishe da kowa da muƙaminsa, kafin a farga an kira magariba makaɗa ba su taɓa ganga ba. Jawabi uku sun isa, kowanne minti biyar, a warwatsa su tsakanin wasanni. Uban ƙungiya ne zai gaya wa manya wannan tun kafin ranar, don ɗalibi ba zai iya karɓe makirufo daga hannun farfesa ba. A yi magana da Hausa. In akwai waɗanda ba sa ji, mai gabatarwa ya taƙaita musu da Turanci a jimla biyu.

Mai gabatarwa ya zama wanda ya iya kirari da barkwanci, ya kuma san inda ake tsayawa. A tsayar da komai in an kira salla, a faɗi minti nawa za a dawo.

Maganar liƙi ku warware ta tun da wuri. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da mutane a kan haka. Ku ajiye ƙwarya ko faranti a gaban makaɗi, mai kyauta ya sa a ciki, sanƙira ya faɗi sunansa. Abin da ya taru na makaɗin ne, ba ya shiga lissafin sallamarsa.

Ku sa mutum biyu su ɗauki taron, ɗaya bidiyo ɗaya murya, bayan an nemi izinin masu wasa. Rumfar mata ba a ɗaukarta sai sun yarda. A keɓe wuri guda da kowa ya sani don yaron da ya ɓace. A tashi saura minti ashirin magariba, bas ɗin tana jira.

Bayan an watse

A sallami masu wasa a daren, cikin ambulan, a hannun shugabansu, a raka su har mota. Makaɗin da aka ce wa ya dawo Litinin ba zai sake amsa gayyatar ɗalibai ba, kuma zai gaya wa 'yan'uwansa. A share fili kafin a kwanta, don ofishin da ya ba ku shi zai zagayo da safe. Kayan aro su koma cikin kwana biyu, mai shi ya duba ya sa hannu a littafin nan.

A cikin mako ku zaga da takardar godiya: fada, masu unguwanni, makarantu, shugaban tsaro, duk wanda ya ba da ko da buhun ruwa ne. Abin da aka ɗauka a rubuta masa rana da wuri da sunan mai wasa da sunan kowace waƙa, a kai kwafi ɗakin karatu na sashe, a kai wa mai wasan nasa a kan katin waya. Sannan sakatare ya haɗa fayil guda: kwafin takardar izini, abin da aka kashe a kan kowane abu, lambobin makaɗa da mai rumfa da direban bas, unguwannin da suka zo da waɗanda ba su zo ba, da dalilin da aka ji. A ba uban ƙungiya kwafi ɗaya ya ajiye a ofishinsa, ɗayan kuma a miƙa wa sababbin shugabanni ranar da aka rantsar da su.